Gudun tsallake shingaye a zafin Illela: yadda za ka shirya jikinka

Idan kana cikin samarin da ke fita gudu bayan sallar asuba a kan titin da ya tashi daga Illela ya nufi Gwadabawa, to mai yiwuwa aikin ɗamara kake hari. Wanda ya samu shiga Defot na sojojin ƙasa da ke Zariya, wanda aka kafa a 1924, zai tarar gudu kaɗai ba ya fitar da kurtu. Akwai haura katanga, da hawan igiya, da rarrafe ƙarƙashin waya mai ƙaya, duk a lokacin da numfashi ya riga ya ƙare. A wasu ƙasashen an mayar da irin wannan horo wasa, har mutane ke biyan kuɗi su sha wuya. Gasar Spartan, wadda aka fara a Amurka a 2010, tana da rukunin kilomita 21 mai shingaye 30, da na kilomita 50 mai shingaye 60, wato fiye da rabin tafiyar Illela zuwa Sakkwato. A 2021 ma cikin rairayin Liwa na Abu Dhabi aka yi gasarta ta duniya.

Ko wanne kake shiryawa, shingen da ya fi kayar da mutane a yankinmu ba a gina shi da bulo ba. Zafi ne.

Ga dalili. Tsokarka inji ce mai ɓarna: cikin ƙarfin da take ƙonawa, kusan kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ne kawai ke zama motsi, sauran duk zafi ne da dole jiki ya fitar. Da sanyin safiya iska na taya ka kwashe shi. Amma a watan Afrilu, lokacin da zafin rana a ƙasar Sakkwato kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, iskar ta fi fatarka zafi, don haka ƙara maka take yi. Hanya ɗaya ta rage, gumi. Shi ma ba fitowarsa ce ke sanyaya ka ba, bushewarsa ce, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa idan danshin jikinta yana bin iska. Gumin da ya ɗiga ƙasa asara ne. Shi ya sa gudu a watan Agusta, da iska ke cike da danshi, kan fi galabaitar da mutum ko da ma'auni bai hau sosai ba. A gasar duniya ta Doha a 2019, da tsakar dare aka fara gudun famfalaki na mata don a guje wa rana, amma cikin 68 da suka tashi, 28 ba su kai ƙarshe ba. Ƙwararru ne fa, danshi da zafi suka zubar da su.

Za ka ce ai kai ɗan Illela ne, cikin zafi aka haife ka. Gaskiya ne, kana da ɗan fifiko a kan baƙo. Sai dai zama a rumfar kasuwa ranar Lahadi daban, gudun awa biyu daban. Jiki yana koyon aiki cikin zafi ne ta hanyar yin aikin, kuma yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14. A cikin waɗannan kwanaki ruwan jininka yana ƙaruwa, gumi ya riƙa fitowa da wuri kuma da yawa, gishirin da ke bin sa ya ragu, bugun zuciya ya sassauta a kan gudun da da yake sa ta dukan tara-tara. Yadda ake yi: ka fara da sassarfa ta minti 20 zuwa 30 da hantsi ko bayan la'asar, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan har ka kai awa guda ko ɗan fiye. Gudu mai tsanani kuwa ka bar shi a asuba. Wannan sabo yana zubewa cikin 'yan makonni idan ka daina, haka nan zazzaɓi ko gudawa na iya rushe shi. Wanda maleriya ta sake shi jiya ba shi da abin yi a fili yau.

Sai batun ruwa, inda kusan kowa ke kuskure ta ɗayan ɓangare biyu. Ka nemi sikeli, ko a kemis ne. Ka hau kafin gudu, ka hau bayan awa guda, ba tare da jiƙaƙƙiyar riga ba. Duk kilo ɗaya da ya tafi, kusan lita ɗaya ce ta gumi, sai ka haɗa da abin da ka sha a hanya. Wannan lissafin naka ne kai kaɗai, na abokinka zai iya ninka shi. Idan asarar ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyinka, wato kilo 1.2 ga mai kilo 60, ƙarfi yakan fara ja baya. Ka maimaita awon a lokacin hunturu, domin busasshiyar iska tana lashe gumi kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka yi ba.

Ɗaya ɓangaren ba a cika maganarsa ba: ruwa ma yana kisa. Wanda ya yi ta ɗura ruwa zalla fiye da abin da yake fitarwa, gishirin jininsa yana tsarkewa, ƙwaƙwalwa ta kumbura. A gudun famfalaki na Boston na 2002 masu bincike sun auna jinin mutum 488 bayan sun gama, suka tarar kashi 13 cikin ɗari gishirin jininsu ya faɗi ƙasa da ƙa'ida, kuma babbar alamar ita ce nauyinsu ƙaruwa ya yi a hanya. Saboda haka ka sha gwargwadon ƙishi. Idan gudun zai wuce awa guda da rabi, ka haɗa da ruwan gishiri da sukari, irin na ƙulli da ake ba yara masu gudawa, da ɗan abin ci, domin sukarin da tsoka da hanta ke ajiyewa yakan yi ƙasa a tsakanin minti 90 da awa biyu. Dabino ya isa. Kar dai ka gwada sabon abinci ranar gasa.

Ƙafafu sukan fi huhu jinkirin sabawa. Cikin 'yan makonni za ka ji numfashi ya buɗe, amma jijiyoyi da ƙashin ƙwauri suna son watanni, kuma a wannan tazarar ce mai gaggawa ke jin rauni. Ka ba kanka wata uku zuwa huɗu, da dogon gudu ɗaya a mako. Yashi, wanda ba mu rasa shi ba, kyauta ce: an auna cewa gudu a kansa yana cin ƙarfi kusan ninki ɗaya da rabi na gudu a ƙasa mai tauri, ga shi ba ya dukan gwiwa kamar kwalta. Takalmin da za ka yi gasa da shi, da shi za ka yi horo.

Shingayen kansu galibi jarrabawar hannu ce. Yawancin masu faɗowa daga igiya ba rashin ƙwanji ke kayar da su ba, yatsunsu ne ke sakewa. Ba ka buƙatar gidan motsa jiki. Ka rataya a reshe ko ƙarfe kana ƙirga daƙiƙu. Ka ɗauki jarka biyu ka yi tafiya da su, ka tuna jarkar lita 25 kilo 25 ce, don haka ka fara da rabi. Jan guga a rijiya mai zurfi horo ne cikakke. Dabarar ita ce ka cusa waɗannan a tsakiyar gudu: ka yi kilomita ɗaya, ka rataya, ka yi rarrafe, ka ci gaba. Hawan katanga da hutaccen jiki ba ya gaya maka komai game da hawanta a kilomita na 15.

Akwai gwajin da ya kamata ka yi tun kafin ka fara. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS, wato rabin gadon sikila, kuma da yawa ba su sani ba. Wani bincike na 1987 a kan kuratan sojan Amurka ya gano masu AS sun fi saura haɗarin mutuwar farat ɗaya a lokacin horo, nesa ba kusa ba. Wani na 2016, a kan sojoji kusan 48,000, bayan rundunar ta tsaurara dokokin hutu da shan ruwa da ƙara horo sannu a hankali ga kowa, bai ga bambanci a mace-mace ba, sai dai ya ga sun fi fuskantar narkewar tsoka da kusan rabi. Ma'ana, AS ba ta hana ka gudu, amma ba ta yafe ganganci. Narkewar tsoka kuwa tana iya samun kowa. Idan bayan horo mai tsanani tsoka ta kumbura da ciwo, fitsari ya koma launin baƙin shayi, ka tafi asibiti a ranar, ƙoda ce ke cikin haɗari. Don haka ne ma haɗiyar Ibuprofen ko Diclofenac kafin dogon gudu ba dabara ba ce, suna ƙara wa ƙodar da ruwa ya yi wa ƙaranci nauyi. Tramadol kuwa ya fi muni, yana toshe maka kunne daga gargaɗin jikinka, yana kuma iya jawo farfaɗiya.

Kada ka yi dogon gudu kai kaɗai. Bugun zafi, wato zafin cikin jiki ya haura digiri 40, da ƙwaƙwalwa yake farawa, shi ya sa wanda ya kama ba ya gane halin da yake ciki. Abokin gudunka ne zai lura kana tangaɗi, ko surutu marar kai, ko faɗa ba dalili, kuma kana iya kasancewa sharkaf da gumi. Ku yi yarjejeniya tun a gida: duk wanda ya ga haka ga ɗan'uwansa, gudu ya ƙare, ba gardama. A kai shi inuwa, a tuɓe masa riga, a yi ta kwarara masa ruwa mafi sanyi da aka samu ana fifita, a sayo ƙanƙara a goga masa a jiki. Farasitamol ba ya aiki a nan, kuma ba a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. A fara sanyayawa nan take, a ci gaba da ita a cikin mota har asibiti, domin minti 30 na farko su ne suka fi yanke hukunci.