Rotary da Tallafa wa Yara Masu Naƙasa: Darasi daga Ohio

A shekarar 1919, Edgar Allen, mamban ƙungiyar Rotary a garin Elyria na jihar Ohio ta Amurka, ya jagoranci kafa cibiyar kula da yara masu naƙasa, wadda ta zamo tushen Easterseals ta yau. Rassan Rotary suka dukufa wajen tara mata kuɗi, har muhawara ta taso: shin a wajabta wa kowane reshe irin wannan hidima? Ƙudurin babban taron 1923 ya bar wa kowane reshe zaɓinsa, ya kuma fifita ƙarfafa cibiyoyin da ake da su a kan kafa kishiyoyinsu. Amfanin hakan a fili yake: shugabancin reshe na shekara guda ne, alhali jinyar yaro takan ɗauki shekaru.