An aiko maka na'urar karatu daga waje: ina za ka samo littattafan?

A cikin tsarabar da ƴan uwa ke aikowa daga Faransa, Beljiyam ko Amurka, yanzu akan ga Kindle ko Kobo, na'urar da ba ta da wani aiki sai karatu. Caji ɗaya na kai ta makonni, abin da ba ƙarami ba ne ga mai zaune a Maraɗi ko Damagaram lokacin zafi da ɗaukewar wuta. Sai dai tana zuwa ne babu komai a ciki, kuma kantin Amazon katin banki yake nema, ba kuɗin salula ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare. A Faransa hakan na faruwa shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara a 1971, yana da littattafai sama da 70,000, galibi na Turancin Ingilishi, amma akwai dubbai na Faransanci. Ɗalibin lise da aka ɗora wa Molière, Hugo ko Zola zai same su a can ko a Wikisource ba tare da ya biya ko dala ba. Na jami'a kuwa ya leƙa Les Classiques des sciences sociales, rumbun da wani malami, Jean-Marie Tremblay, ya kafa a Kanada, inda Durkheim da Mauss suke. Littafi ɗaya marar hotuna sau da yawa bai kai mega ɗaya ba.

A zaɓi EPUB, a guji PDF. Shi PDF hoton shafi ne a daskare, a ƙaramin allo sai ka yi ta ƙyafta ido. Kobo na buɗe EPUB kai tsaye. Kindle kuwa sai an bi ta Send to Kindle, wanda ya soma karɓar EPUB a 2022, ko a juya littafin a kwamfuta da manhajar Calibre, wadda kyauta ce.

Batun aro shi ne inda nau'in na'urar ke yanke hukunci, kuma nan ne masu aikowa suka fi yin kuskure. Mazaunin Amurka, Ingila ko Kanada da ke da katin ɗakin karatun unguwarsu yana iya aro da manhajar Libby, littafin ya koma da kansa idan wa'adi ya cika. Amma tura littafin Libby zuwa Kindle a ɗakunan karatun Amurka kaɗai yake aiki. A Faransa ɗakunan karatun birane da yawa na ba da aron EPUB mai makulli, wanda Kindle ba ya buɗewa. Wanda ke Lyon ko Marseille, Kobo ko Vivlio ta fi masa. Ga mai zaune a Tawa ba tare da irin wannan kati ba, Open Library ta rage, ita ma ta rame: kamfanonin buga littattafai sun kayar da Internet Archive a kotun Amurka a 2023, ɗaukaka ƙara ta faɗi a 2024, an cire littattafai sama da 500,000 daga aro.

Da Hausa fa? A nan abin ya yi ƙaranci. Ga yara akwai African Storybook, Bloom Library da StoryWeaver, duka suna da labarai da Hausa kyauta, kodayake hotunansu masu launi sun fi kyau a salula. Ga manya akwai tsofaffin tarin tatsuniyoyi da Turawa suka tattara daga Hausawa: Magana Hausa na Schön na 1885, da Hausa Folk-lore na Rattray na 1913. Rubutunsu na da ne, sai an yi haƙuri kafin ido ya saba. Mai son tarihin Damagaram da Gobir ya nemi rahoton tawagar Tilho, wadda ta yi aikin shata iyaka tsakanin 1906 da 1909.

Sauran abin da ke yawo a WhatsApp da Telegram da sunan "kyauta" labari ne daban. Abubakar Imam ya rasu a 1981, Abdoulaye Mamani a 1993, don haka Magana Jari Ce da Sarraounia ba su zama na kowa ba. Marubutan yanzu, waɗanda yawancinsu mata ne, da kansu suke sayar da littattafansu a waya kan kuɗi kaɗan, musamman tun da OkadaBooks ta rufe a 2023. Da yawansu kan saki shafukan farko, ko ma littafi guda, kyauta a Wattpad. Wannan halal ne. Kwafin da wani ya saya ya watsa a guruf ɗin mutum ɗari biyu, abincin marubuciyar aka ci.

Idan ka buɗe littafin Hausa ka ga akwatuna a gurbin ɗ, ƙ, ɓ da ƴ, na'urar ba ta lalace ba, salon haruffan ne bai san su ba. Sauke Charis SIL ko Andika, kyauta ne, ka jona na'urar da kwamfuta, ka zuba su a jakar da ake kira fonts, sannan ka zaɓe su daga cikin littafin.