Wa zai binciki gigin tsufa a ƙasar Hausa?

Idan tsoho ya fara manta sunayen 'ya'yansa, sai mu ce gigin tsufa ne, wasu ma su ɗora wa iska ko sammu. Alhali sau tari ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa sannu a hankali, kamar yadda cutar Alzheimer ke haddasawa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan larura sun haura miliyan 55.

Binciken da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da birnin Indiyanafolis ya nuna cutar ba ta kama Yarbawa kamar yadda take kama baƙar fatar Amurka. Ke nan sakamakon wata al'umma ba lallai ya dace da wata ba. To, mai karatu, tsofaffin Kano da Katsina fa?

A ganina amsar tana hannun matashin da bai daɗe da kammala digirin digirgir ba. Shekarun farko su ne masu wuya: ba shi da ɗakin gwaji, ba shi da suna, ga ɗalibai ɗaruruwa suna jiran darasi. Shi ya sa Ƙungiyar Alzheimer ta Amurka take ware wa irinsu tallafi, su zauna su yi bincike. Dakta Mahmud Bukar Maina, masanin ƙwaƙwalwa da ya goge a Jami'ar Sussex ta Ingila, ya jagoranci kafa cibiyar bincike a Jami'ar Jihar Yobe, Damaturu, a 2021.

Ina kira ga Hukumar TETFund da attajiranmu su ware wa matasa irin wannan tallafi na shekara uku, da sharaɗin a gida za a yi aikin.