Daga Filin Tsere Zuwa Hanyar Kunci

Tsofaffin direbobin da suka yi jigila tsakanin Kunci da Bichi da Kano suna da shaida guda a kan Peugeot 504, wadda suke kira Fijo: tana jure ƙura da gargada. Wannan juriya tana da tarihi. A shekarar 1975, wadda a cikinta masana'antar PAN ta fara haɗa motoci a Kaduna, ƙirar 504 ce ta lashe gasar Safari ta ƙasar Kenya.

A shekarar 1981 kamfanin ya kafa sashe na musamman don tseren motoci, mai suna Peugeot Talbot Sport, a ƙarƙashin Jean Todt. Aikin injiniyoyinsa shi ne su gano iyakar abin da inji zai iya ɗauka. Motar da suka ƙera, 205 Turbo 16, ta ci kambin duniya a 1985 da 1986, sannan ta lashe gasar Paris zuwa Dakar a 1987 da 1988, bayan ta ratsa hamadar Tenere da Agadas a Jamhuriyar Nijar.

Ina sirrin yake? Inji, kamar jikin ɗan'adam, numfashi yake yi. Yadda tsoka ke bukatar iskar oksijin kafin ta sarrafa abinci, haka inji ke bukatarta kafin ya ƙona fetur. Na'urar turbo tana amfani da hayaƙin da ke fita ta salansa wajen juya wata 'yar farfela, ita kuma ta cusa ƙarin iska cikin injin. Da haka injin lita 1.8 ya ba da ƙarfin doki fiye da 400, alhali na 504 mai lita 2 yana ba da wajen 100.

Sai dai iskar hamada tana da illa biyu. Zafi yana rage oksijin da ke cikin kowace zuƙa, don haka dole a sanyaya iskar kafin ta shiga. Ƙura kuwa tana goge cikin inji kamar sanfefa, shi ya sa aka ba matatar iska muhimmanci, tamkar gashin hanci.

Darasin ya shafi injin ban-ruwa da babur na kowane manomi. Wanda ya ƙyale matatar iska ta toshe a lokacin hunturu, zai sayi fetur da yawa, kuma zai kashe injinsa tun kafin ya tsufa.