Hannu da Kai: Ɗabi'ar da ke Cinye Gashi a Bakin Komadugu

Gundumar Shetimari tana yamma da birnin Diffa, bisa babbar hanyar kwalta wadda ta fito daga Maine-Sorowa. Ƙasa ce ta rairayi da iska, arzikinta kuwa yana bakin kogin Komadugu, inda ake noman jan tattasai. A watan Nuwamba na 2014, bayan harin da ƴan Boko Haram suka kai garin Damasak na Najeriya, dubban mutane suka ƙetaro ruwa suka sauka a Gagamari, daga baya aka buɗe sansanin Sayam Foraj. Duk inda jama'a suka yi cunkoso, ruwa ya yi ƙaranci, sabulu ya yi tsada, cututtukan fata sukan samu gindin zama. Daga cikinsu akwai na fatar kai, waɗanda babban ɗan aikensu shi ne hannun mutum kansa.

Ɗabi'ar ba ta bar kowa ba. Yarinya tana sauraron malami a lakkol, yatsanta yana murɗa gashin goshi. Mace ta yi sabon kitso, ta zura tsinke ƙarƙashin kallabi tana susa. Magidanci ya dawo daga garka, hannunsa duk yajin tattasai da ƙura, ya tuɓe hula ya kai farce ka. In aka tambaye su, galibi ba su san sun yi ba.

Masana sun ce kan mutum yana ɗauke da gashi kimanin dubu 100, kowane yana ƙaruwa da misalin santimita 1 a wata, kuma zubar 50 zuwa 100 a yini ba ciwo ba ne. Amma gashin baƙar fata nannaɗe yake, saboda haka maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya gangarawa har bakinsa. Shi ya sa yake saurin bushewa, balle da hunturu. Busasshen gashi kuwa kamar karan gero yake a rani: in ana yawan lanƙwasa shi, sai ya karye. Abin da yatsa ya tsinke cikin minti guda, sai an yi watanni kafin ya dawo.

Wannan asarar ado ce kawai. Wadda ta fi ta ita ce makero, da wasu ke kira kora, wanda ya fi kama yara. Ƙwayar cuta ce dangin funfuna, mai shiga cikin gashi har saiwarsa. Wurin yakan yi fari-fari kamar an barbaɗa toka, gashin ya kakkarye, ya bar da'ira. Yaro ya sosa, ƙwayar ta maƙale a farce, ya kai ta wani gefen kai, ko kan ƙanensa da suke kwana bisa tabarma ɗaya. Haka nan take bin mataji, da hula, da askar wanzami in ba a tsabtace ta ba. In susa ta yi yawa fata ta fashe, sai wata cutar ta shiga, wurin ya kumbura ya yi mugunya; in ya warke da tabo, gashi ba ya ƙara tsirowa a nan har abada.

A nan iyaye da yawa suke kuskure. Sukan sayi man shafawa a kasuwa, wasu ma su goga abubuwa masu ƙuna, suna tsammanin za a ƙone cutar. Tun da ƙwayar tana cikin saiwa, shafe-shafe kaɗai ba ya kai mata. Maganin sha ake bukata, irin su griseofulvin, na tsawon mako 6 zuwa 8, kuma ma'aikacin lafiya ne ke auna shi bisa nauyin yaro. Wanda ya daina sha don ya ga wurin ya yi kyau, cutar za ta komo.

Kitso ma yana da nasa laifi. In makitsiya ta ja shi har gira ta ɗaga, saiwar gashin goshi takan gaji. Da fari takan farfaɗo in an sassauta. In an daɗe ana yi, goshi ya yi ta ja da baya ke nan.

To, yaya ake raba hannu da kai? Da farko a kawar da abin da ke kiran hannun, domin ba a hana mai ƙaiƙayi susa da tsawa. A duba ko kwarkwata ce, ko amosani, ko makero. A wanke kai da sabulu, a shafa mai kaɗan kamar man kaɗe, a yanke farce, kowane yaro da matajinsa in da hali.

In babu ƙaiƙayi, ɗabi'a ce ta zauna, ita ma da dabararta. A 1973 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu na Amurka, Azrin da Nunn, suka bayyana wata hanya da likitoci ke bi har yau. Mutum ya fara lura da lokutan da hannunsa ke tashi: wajen karatu ne, ko tunani, ko zaman jiran tuwo? In ya ji zai tashi, sai ya ba shi wani aiki na misalin minti guda, ya dunƙule shi, ko ya riƙe carbi ko alƙalami. Wani na gida ya riƙa tuna masa a hankali, ba da gori ba.

Akwai kuma wanda abin nasa ya wuce shafa, ya kai ga tsige gashi ɗaya-ɗaya har kai ya yi fili. Likitan Faransa Hallopeau ne ya raɗa wa wannan ciwo suna a 1889, kuma damuwa takan tsananta shi. A yankin da yara da yawa suka baro gidajensu da gudu cikin ƙarar bindiga, bai kamata malami ko uwa su ɗauke shi a kan iskanci ba. Bulala ba ta warkar da shi. Gidan likita ya kamata a kai yaron.

Sauran aikin yana hannun hukumomi da malaman yaƙi da jahilci. Wanzamai da makitsa su ne suke ganin fatar kan jama'a kafin likita ya gan ta. In aka tara su a Shetimari da Gagamari aka nuna musu kamannin makero, aka koya musu tafasa aska da wanke mataji tsakanin kai da kai, za su riƙa tura yaro gidan likita tun tabon bai wuce faɗin kwabo ba.