Yadda ake fitar da iskar da ta maƙale a lagireto

A hanyar Maiurno zuwa Sennar, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40, mota kan tafasa alhali lagireto cike yake. Sau da yawa iska ce ta maƙale bayan an canza ruwa ko tiyo. Inda ta tsaya, ruwa ba ya taɓa ƙarfe, sai kan injin ya gasu a nan. Tun ɓarkewar yaƙin 2023 kuwa, kayan gyara sun yi tsada.

Ana aikin ne injin na sanyi, domin buɗe murfi da zafi ƙuna ce. A ɗora gaban motar kan tudu, a zuba ruwa mai tsabta a hankali, ban da na magudanan gonakin Gezira mai laka. In akwai notin fitar da iska, a sassauta shi har ruwa ya fito ba kumfa. Sai a tayar da injin, murfi a buɗe, a ƙure hita. Da tiyon sama ya ɗau zafi, a mammatsa shi da tsumma, nesa da fanka, a cika, a rufe.

Idan kumfa ta ƙi yankewa, a zargi gasket, a nemi bakanike.