Keke: sabo za a saya ko tsoho?

Kaka ta yi, an ɗaure damman gero, wasu sun sayar da wake. A wannan lokaci ne manomi a Karofan yake tunanin sayen keke. Keke yana kai buhun albasa kasuwa, yana ɗauko jarkar ruwa daga rijiya, yana kai taki gona. Ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi kuwa, shi ne zai kai shi asibiti tun rana ba ta yi zafi ba. Amma kuɗi kaɗan ne a hannu.

Sabon keke yana da tsada, domin daga waje ake kawo shi, yawanci daga ƙasar Sin ko Indiya. A watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje sun yi tsada ƙwarai, mutane da yawa suka koma ga tsoho. Amfanin sabo shi ne zai daɗe bai nemi gyara ba.

Tsoho yana da araha, sai dai a yi lissafi. A ce an sallama maka shi jika 25. Ka canza taya biyu da sarƙa da birki, jika 15 sun tafi. Kuɗin kekenka ya zama jika 40 ke nan, ba 25 ba.

Ƙasarmu ta Adar ƙasar duwatsu ce da gangara, ga ƙaya ko'ina. Keken da ya yi kyau a kan kwaltar Madawa ba lalle ne ya jure hanyar ƙauye ba. Saboda haka kada sabon fenti ya ruɗe ka, sau da yawa tsatsa yake rufewa. Ka duba jikin ƙarfen, musamman wajen wuya da ƙarƙashin sirdi. In ka ga tsagewa ko alamar walda, ka bar shi, ko nawa aka rage maka. Taya ana canza ta, amma ƙarfen da ya taɓa karyewa zai sake karyewa, watakila a gangara, da yaro a bayanka. Ka ɗaga ƙafar keken ka juya ta, ka ga ko tana rawa. Ka hau, ka matse birki na gaba da na baya. In da hali, ka tafi kasuwa tare da mai gyaran keke na garinku, shi ya san irin keken da ake samun kayan gyaransa a Buza.

Akwai kuma kayan sata. Kada ka biya sai gaban shaidu biyu. A rubuta takarda da sunan mai sayarwa, da kuɗin, da lambar da ke jikin keken. Kai da ka yi yaƙi da jahilci, ka karanta ta da kanka kafin ka sa hannu.

In kuɗin sabo sai an buɗe rumbu za su cika, gara tsoho mai lafiyayyen ƙarfe. Geron da aka sayar da araha a kaka, da tsada za a sayo shi da damina.